Me ya sa kullum ɗana ne na ƙarshe idan ana raba 'yan wasa a makaranta?

"Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana da shekara 12, bana ya shiga ajin farko na lise, wato sakandare, a nan Garwa ta Kamaru. Tun farkon shekara yake gaya mini cewa duk ranar EPS, wato darasin motsa jiki, idan malami ya fitar da yara biyu su zaɓi 'yan wasansu, shi ake bari har ƙarshe. Yanzu duk ranar Talata da safe, ranar darasin, sai ya ce cikinsa na ciwo, ko ya ce bai ga wandon wasansa ba, alhali na san lafiyarsa lau. A firamare ba ya haka. Wai me yara suke dubawa ne idan suna zaɓe? Tsanar sa suke yi? Babansa ya ce in rabu da shi, haka ake zama namiji. Ni kuma ina tunanin in je wurin shugaban makaranta." Wata uwa daga unguwar Yelwa, Garwa.

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya shi, ya albarkaci rayuwarsa. In na fahimce ki, kina son ki san abin da ke cikin kan yaro a lokacin da yake nuna wannan ya tsallake wancan, sannan ki san ko abin da ke faruwa da ɗanki ya kai a ɗaga murya a kansa, ko kuwa maganar babansa ce daidai. Na fi shekara ashirin ina koyar da motsa jiki tsakanin Marwa da Garwa tun da na fito daga CENAJES, makarantar horar da malaman wasanni, kuma ciwon cikin ranar Talata ba baƙona ba ne. Amma kafin in faɗi laifin yara, bari in fara da nawa.

A shekaruna na farko an ba ni wani aji mai yara 87. Ƙwallo biyu gare mu, ɗaya ma tana sacewa kafin a gama darasi. Watan Maris ne, rana ta fara dukan ƙeya tun ƙarfe tara, ni kuma burina kawai a fara wasa kafin yara su galabaita. Sai in kira biyu da na san sun iya, in ce su raba. Su tsaya nesa da juna, su riƙa takowa diddige na taɓa yatsu, wanda ya taka ƙafar ɗan'uwansa shi zai fara ɗauka. Mutum huɗu ko biyar na farko, da sunansu ake kiransu, da sauri, har da tafi. Daga nan sai kira ya fara ja. Can sai a daina kiran suna, a koma nuni da baki: "Kai, mai jan wando, zo." A ƙarshe aka bar wani siririn yaro shi kaɗai a tsakiyar fili, ya haɗa hannuwa a baya. Kyaftin ɗin da layi ya zo kansa ya dube ni ya ce, "Mesiye, a ba su shi, mu mun cika." Aji ya fashe da dariya. Shi ma yaron ya yi dariya, ya koma gindin bishiyar dogon yaro ya tsuguna yana zane a ƙasa da tsinke. Na gan shi sarai. Na busa usur aka fara wasa, don a lissafina an ci mini minti goma. Sai da na yi shekaru ina wannan kafin na gane cewa ni ne na tsayar da shi a wurin, yaran sun ƙarasa aikin da na ba su ne kawai.

Abin da kyaftin yake lissafawa

Shi ma mai zaɓen yaro ne ɗan shekara 12 ko 13, kuma duk aji shi suke kallo. Abu na farko a ransa kada a ci shi, don in aka ci su, shi za a yi wa tsiya har a tashi. Da zarar ya ɗauki mutum uku, zaɓen ya fita daga hannunsa. Waɗanda ya ɗauka suna tsaye a bayansa suna raɗa masa, "ɗauki wane, ɗauki wane, kar su riga mu." Sau da yawa na ga kyaftin ya ɗaga hannu zai nuna abokinsa da bai iya ba, aka ja masa riga ta baya, ya sauya.

Kuma abin da suke kira iyawa, yawanci suna ne da yaro ya yi a wani wuri. Wa aka saba gani a filin unguwa bayan la'asar? Wa ya taɓa cin ƙwallo ranar da mutane suka taru? Yaron da daga lise sai islamiyya, daga islamiyya sai shagon babansa, ko da yana da ƙafa mai kyau ba wanda ya taɓa ganin ta. Wannan ya kawo ni kan abin da kika ce, cewa a firamare ba ya haka. A firamare yana cikin yaran da suka shekara shida tare, sun san shi, yana da waɗanda za su kira sunansa. Ajin farko na lise kuwa taron makarantu ne daban-daban. In an yi rashin sa'a abokansa suka faɗa wani aji ko wata makaranta, shi baƙo ne, kuma waɗanda suka zo su goma daga firamare ɗaya za su kwashe junansu tukuna.

Sai girman jiki. A ajin farko a nan Arewa za ki samu ɗan shekara 10 da ɗan shekara 15 a benci ɗaya, saboda wasu sun makara shiga makaranta, wasu sun maimaita aji. Wanda muryarsa ta fashe, kafaɗarsa ta buɗe, shi za a fara ɗauka ko da ƙwallo ba ta jin maganarsa, don kowa ya san in aka yi karo shi zai tsaya a tsaye. Takalmi ma yana magana. Mai takalmin ƙwallo yana gaban mai silifas, mai silifas yana gaban wanda zai buga da ƙafa tsirara, tun ba a taɓa ƙwallon ba.

Bayan nan akwai bashi. Wa yake raba fanke da ƙosai da shi lokacin hutu, wa yake ba shi littafi ya kwafi aikin gida, wa yake da ƙwallon da ake bugawa a unguwa, wa zai tare shi a hanya in bai ɗauke shi ba. Duk wannan yana wucewa ta kan yaro cikin daƙiƙa biyu. Harshe ma yana shiga. A cikin aji Faransanci ake yi, amma a fili, da gudu da haki, kowa da harshen gidansu yake ihu. Mai jin Fillanci zai ja masu Fillanci, Bahaushe ya ja Hausawa, yaran Tupuri ko Mundang su nemi juna. Ban ɗauke shi ƙabilanci a farkonsa ba, yaro yana neman wanda zai gane shi in ya ce "ba ni". Amma in malami ya bar shi haka wata uku, yana daskarewa, sai ka wayi gari kana da ƙungiyar "mu" da ƙungiyar "su", kuma rigimar fili ta fara bin su har ƙofar makaranta. Wannan na gani da idona, kuma shi ya fi ba ni tsoro a duk lamarin.

'Yan mata nasu ya ɗan bambanta. A abin da na gani, ƙawa ce farko, iyawa ta biyo baya, kuma wadda aka bari ba a cika yi mata dariya a fili ba, sai dai a yi kamar ba a gan ta ba. Da yawa ma tun kafin a fara rabo sun janye zuwa inuwa.

To tsanar sa suke yi? A yawancin lokuta, a'a. Wanda aka tsana an san da shi. Na ƙarshe a layi galibi wanda ba a lura da shi ba ne, kuma dole ne wani ya zama na ƙarshe muddin ɗaya bayan ɗaya ake ɗauka. Inda za ki damu shi ne in abin ya bi shi waje: an laƙaba masa suna, ba mai zama kusa da shi a aji, ana ɓoye masa jaka, ya dawo da yagaggiyar riga ya ce faɗuwa ya yi. Wannan wata magana ce daban, kuma ita ta cancanci zuwa ofis.

Maganar babansa

Ina girmama maigidanki, kuma na san daga inda maganarsa ta fito, mu ma haka aka rene mu. Akwai wahalar da ke gina yaro: ya yi gudu ya gaji, a ci su biyar da nema ya dawo mako mai zuwa, ya faɗi ya kurje ya tashi. Ita kuwa tsayuwa a gaban mutum tamanin ana tantance darajarka kowane mako, ban taɓa ganin wanda ta gina ba. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Kipling Williams, ya shafe shekaru yana nazarin wariya, kuma da wasan jifa ya faro. Wata rana a wurin shaƙatawa wasu mutum biyu suka sa shi cikin wasansu na jefa faifai, can suka daina jefo masa, ya ji abin ya sosa masa rai duk da bai san su ba. Daga nan ya ƙirƙiro ɗan wasan kwamfuta da ake kira Cyberball, inda mutum uku ke jefa wa juna ƙwallo, sai biyu su daina jefa wa na ukun. Manya da hankalinsu, cikin 'yan mintoci, suka riƙa cewa sun ji an ƙasƙanta su, har ma waɗanda aka gaya wa cewa kwamfuta ce ke wasa da su ba mutane ba. In haka ta faru da babba a gaban na'ura, ina ga yaro a gaban sa'o'insa.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malami ma ba minti biyar na rabon ba ne, abin da ke biyo baya ne. A Garwa kowane yaro Vincent Aboubakar yake son zama, tunda daga Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon garin nan, ya tashi, shi ya ci Masar a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2017, ya ci ƙwallo takwas a gasar da aka yi a nan gida a farkon 2022. Kowa gaba yake so. Wanda aka ɗauka a ƙarshe sai a ce masa "je ka yi gola", ko "tsaya a baya". Wata rana na ba wani ɗalibi da ke da takardar likita ta hana shi wasa littafi da biro, na ce ya riƙa yin layi duk sa'ad da wani yaro da na nuna masa ya taɓa ƙwallo. A minti ashirin layi biyu ya kawo mini, ɗaya ma lokacin da aka aiki yaron ya ɗauko ta ne a bayan katanga. A wannan lokacin akwai waɗanda suka taɓa ta fiye da sau talatin. Wanda ya iya yana ƙara iyawa, wanda bai iya ba yana tsaye yana shan rana, mako mai zuwa kuma a ce ai bai iya ba. Darasin da aka yi don kowa ya koya ya zama atisayen mutum goma, saura cikon benci.

Ki gaya wa babansa wannan kuma, don na san zai saurara: EPS tana da maki a kan 20 kamar kowane darasi, kuma ana gwada ta a manyan jarrabawoyin sakandare, wato BEPC da Probatoire da Bakaloriya. Abin da ake gwadawa a can galibi gudu ne da tsalle da jifan ƙarfe da jimnastik, abubuwan da yaro ke yi shi kaɗai. Yaron da ya koyi gudun fili tun ajin farko saboda kunyar ƙwallon ƙafa, zai isa aji huɗu, ajin BEPC, bai san yadda ake tsallen nesa ba. Zaɓen gwanaye yana da wurinsa, wato ƙungiyar makaranta da ke atisaye ranar Laraba da yamma don wasannin FENASSCO, gasar makarantu ta ƙasa. A can, wanda ya fi iyawa shi za a ɗauka, ba mai jayayya. Darasin cikin mako kuwa na kowa ne.

Abin da na gwada

Dabarata ta farko gyaran gangar Auzinawa ce. Na ce bari in riƙa naɗa marasa ƙarfi kyaftin. Sai ga yaron da jiya aka bari a ƙarshe yana kwashe gwanaye da hannu bibbiyu, ya bar ɗan'uwansa a tsakiyar fili, ga shi kuma duk aji sun gane dalilin da ya sa na naɗa shi. An gudu ba a tsira ba. Na koma ƙirga su a layi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, masu lamba iri ɗaya su haɗu. Mako biyu ya yi aiki. A na uku na ga suna ta sauya wuri a layi, kowa na sa mutum uku tsakaninsa da abokinsa. Yaran da ake cewa ba sa gane lissafi! Na gwada ƙuri'a da marfin kwalaben lemo masu launi huɗu a cikin jaka. Ba wanda ya ji kunya, amma wata rana gwanaye duk su faɗa wuri ɗaya, a ci bakwai da nema, waɗanda aka ci kuma su nemi wanda za su ɗora wa laifi, kin kuma san ko wane ne.

Abin da na zauna a kai daga baya, daga watanda na aro shi. Idan an yanka sa ana kasa nama, mai kasawa ba ya sanin kashin da zai faɗo masa, shi ya sa yake daidaita tsoka da ƙashi. Sai in kira yara huɗu da suka san aji, mu zauna gefe da takardar sunaye ranar da ba ta wasa ba, in ce su kasa ajin kashi takwas daidai wa daida, in gaya musu cewa sai sun gama za a yi ƙuri'a a ga inda kowannensu zai faɗa. Za ki sha mamakin adalcin yaro in bai san ɓangarensa ba. Ranar darasi ni nake karanta sunayen, bisa jerin rajista, ba wanda ya san wa aka fara sawa. Ƙungiyar kuma tana zama tare mako biyar ko shida. Wannan tsawon yana da amfani: in ka san wannan yaron naka ne har wata ɗaya da rabi, gara ka koya masa tare ƙwallo da ka yi ta zaginsa.

Ina haɗawa da wata 'yar takarda. Tun shekarun 1930 wani likita a Amurka, Jacob Moreno, ya riƙa tambayar 'yan matan wata makarantar kwana a jihar New York wa kowacce take son zama da ita, yana zana amsoshin da kibiyoyi, sai a ga wasu kaɗan kibiya ta taru a kansu, wasu ba ko ɗaya. Ni ma a farkon shekara nakan ce kowa ya rubuta sunan mutum biyu da yake son wasa da su, ya naɗe ya ba ni. Ba mai gani sai ni. Da ita nake sanin yaran da ba wanda ya rubuta, kuma nakan yi ƙoƙari kowa ya samu aƙalla ɗaya daga cikin waɗanda ya nema.

Duk da haka rabo mai kyau ba ya sa a miƙa wa yaro ƙwallo. Goma sha ɗaya da goma sha ɗaya ba darasi ba ne a ajin mutum tamanin. Huɗu-huɗu ko biyar-biyar a ƙananan filaye, da duwatsu a matsayin raga, a nan ba inda mutum zai ɓuya kuma ba yadda za a yi ba tare da shi ba. Na taɓa sa dokar cewa sai kowa ya taɓa kafin ci ya ƙirgu. Tana aiki rabi da rabi, don wasu sukan jefa masa ita kamar sadaka suna ihu "maido, maido!" Na fi samun biyan buƙata da sauya wasan kansa: ƙwallon hannu, gudun miƙa sanda, har langa. Ranar da na sa langa, wani ɗan firit da ba a taɓa kiran sunansa ba ya kayar da manya uku a jere, kuma daga ranar aka san sunansa.

Ke kuma me za ki yi

Kada ki fara da shugaban makaranta. In magana ta sauko wa malami daga sama, zai ji an kai ƙararsa, kuma yaronki ne zai zauna da shi har Yuni. Ki nemi malamin EPS ɗin kansa, ke ko babansa, a lokacin da yara ba sa kallo. Ki gaishe shi, ki ce, "Malam, yaron nan ya fara gudun darasinka, na bincika na ga rabon 'yan wasa ne yake jin nauyi, ko akwai yadda za a yi?" Yawancinmu ba mugunta ke sa mu bar kyaftin su zaɓa ba, sauri ne da yawan yara da kuma cewa haka muka taras. In kin yi haka sau biyu ba abin da ya sauya, ko kuma kika ga alamun cin zali da na ambata, to sai a hau sama. Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki nemo masa takardar likita ta ƙarya don a ɗauke masa darasin. Iyaye suna yi don tausayi, amma yaron yakan ƙare a gindin bishiya shekara bakwai.

Ban ga ɗanki ba, kuma ni ba likita ba ne, saboda haka akwai abin da ba zan iya yankewa daga nan ba. Ki sa a duba idonsa. Na taɓa samun yaron da kowa ke cewa ragon fili ne, ƙwallo ta zo ta wuce shi ko ta doke shi a fuska, ashe ko allo ba ya gani sosai daga bencin baya. Tabarau ya raba gardamar. In yana saurin haki, ko akwai asma ko sikila a gida, wannan maganar asibiti ce, kuma malaminsa ya kamata ya sani, balle da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a garin nan. Ciwon cikin ma kada ki ce ƙarya ce tsagwaronta, fargaba tana murɗa ciki da gaske. Abin da na faɗa kuma daga makarantun cikin gari na gan shi. A ƙauye, inda yara suka san juna tun suna goye, lissafin yakan ɗan sauya.

A gida, ki tambaye shi ko yana son ƙwallon ma tukuna. In yana so, ƙwallon roba da bango sun isa, minti goma sha biyar da yamma, ya buga ta dawo ya tare, dama da hagu. A shekarunsa wata biyu na wannan ana ganin bambanci. Ki bar shi ya riƙa fita filin unguwa ko sau biyu a mako, don a can ake yin sunan da ake kira a makaranta. Babansa in ya samu sarari ya kai shi filin wasa na Rumde Ajiya ranar da Coton Sport ke wasa, ya ce ya gayyato yaro ɗaya daga ajinsu. Aboki ɗaya da zai ce "ɗauki wane" a bayan kyaftin ya isa ya ɗaga shi daga ƙarshen layi zuwa tsakiya. In kuma ba ya son ƙwallo, kada a tilasta masa, a duba ko gudu ne nasa ko tsalle, a gaya wa malamin.

Ranar Talata in ya dawo, kada ki tare shi da "yau ma kai ne na ƙarshe?" Ki bari ya sha ruwa ya ci abinci, sannan ki tambaye shi sau nawa ya taɓa ƙwallo, kuma wa ya miƙa masa. Ki riƙe sunan da ya faɗa.